Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin dillalan motoci na Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhazai, ranku ya daɗe. Ina gaishe ku da kasuwa, Allah ya sa albarka a nema. Ni ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Hayin Banki, kuma an haura shekara da na sayi mota a hannun ɗaya daga cikin mutanenku. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi inda filinsa yake ba, ba kuma zan ambaci kamfanin da ya ƙera motar ba. In na faɗa, maganar za ta koma rigimar mutum biyu, ku ce a zauna a sasanta, a ba ni haƙuri a watse. Haƙuri kuwa an riga an ba ni har ya yi mini yawa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na gano ba ni kaɗai ba ne, kuma gyaran yana hannunku, ba sai an jira wani daga Abuja ba.

Bayan ƙaramar Sallar 2024 na sayar da ɗan filin da nake da shi a bayan Rigacikun, na haɗa da kwasar adashen ofis, kuɗi suka kai naira miliyan 8 da rabi. Burina salun mai matsakaicin girma, irin wadda rabin ma'aikatan garin nan suke mafarki: silinda huɗu, ba ta shan mai kamar jif, kujerar baya ta ɗauki uwargida da yara, but ɗin baya kuma ya ɗauki buhun masara in an je ƙauye. Na tarar da ita ana goge ta da tsumma, tayoyi sun sha mai suna ƙyalli, inji an wanke shi tas kamar kwanon amarya. Dillalin ya ce, "Yallaɓai, sabuwar sauka ce, shekaranjiya ta baro Legas. Ko noti ɗaya ba a taɓa kwancewa ba. Wata tsohuwa ce take hawanta a Amurka, daga gida sai coci." Daga baya na lura tsofaffin matan Amurka suna da yawa ƙwarai, domin duk wanda na tambaya a Kaduna, motarsa ta wata tsohuwa ce.

Na nemi in kai ta Panteka bakanikena ya ɗaga ta ya duba ƙarƙashi. Aka ce mota ba ta barin fili sai an biya, in ina so in kirawo shi nan. Ya zo, ya saurari inji, ya zaro sandar auna baƙin mai ya shinshina, ya leƙa ƙasa iyakar inda wuyansa ya kai. Muka zagaya da ita minti goma, yaron dillali yana gefe da rediyo a kunne. Na taya, aka ce albarka, na ƙara, aka sallama. A ƙasan rasit akwai hatimi da ke cewa kayan da aka saya ba a dawo da su. Na gani, na yi shiru, domin a lokacin zuciyata ta riga ta shiga motar ta zauna.

Wata guda lafiya lau. Da ruwan farko ya sauka, sai wani wari ya taso a ciki, irin na tabarmar da aka naɗe da danshi. Na sayi turaren mota, na ƙara da na wuta. Sai gilashin baya na dama ya sauka ya ƙi hawa. Sai makullin ƙofa ya riƙa kulle kansa yana buɗewa muna tafiya, yara suna dariya suna cewa aljanu. Wata rana a kan gadar Kawo giya ta yi wata fizga da na ɗauka wani ne ya buge ni ta baya. Kowanne na kai gareji, kowanne ya ci kuɗi, kuma kowanne aka ce ƙaramin abu ne.

Babban ya zo cikin watan Agusta. Mun je ta'aziyya Zariya, ni da uwargida da mahaifiyata da yara biyu, muna dawowa gab da magariba. Mun wuce Jaji kaɗan, duk fitilun dashbod suka kama lokaci ɗaya, sitiyari ya yi nauyi, inji ya mutu ana cikin gudu. Allah ya taimake ni na lallaɓa ta gefen titi. Ku kun san hanyar nan, kun san ba wurin da mutum zai so duhu ya same shi da iyali ba ne. Mahaifiyata ba ta ce komai ba, carbi kawai take ja. Sai bayan isha'i wani bawan Allah mai bas ya ɗauke su, ni kuma na kwana neman janwe. Har yau in na tuna shirun da ta yi, shi ya fi ci mini rai, ba kuɗin ba.

Mai gyaran wayoyin mota ne ya tona asirin. Yaro ne da bai fi shekara 25 ba, a Panteka. Ya ce, "Baba, ka ba ni izini in kwance kujera." Ya kwance kujerar direba, ya ɗaga kafet, ya ɗaga soson da ke ƙarƙashinsa. Akwai busasshen laka da farin yashi mai laushi, irin wanda ba na Kaduna ba. Ƙarafan da kujera take gudu a kansu sun yi tsatsa ja. Ya zare wani soket ya miƙo mini, haƙoran cikinsa sun yi kore kamar tsohon kwabo. Sannan ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, abin da ban taɓa tunanin yi ba, ya nuna mini wani layi mai ruwan ƙasa da ya ratsa shi. Ya ce, "Nan ruwa ya tsaya." Layin ya kai daidai ƙirjin mai zaune. Da ya buɗe bayan dashbod kuma, sai ga baƙin salatif an liƙe a kan ƙwan fitilar jakar iska, wato jakar da ke buɗewa ta kare mutum in an yi haɗari, don kada fitilar ta nuna. Wannan ba aikin ambaliya ba ne. Hannun mutum ne ya yanka salatif ɗin ya liƙa.

A daren ɗan ƙanwata da ke karatu a Kadpoly ya ɗauki hoton lambar casis, wadda take ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. Haruffa da lambobi 17 ne, kuma tun 1981 duk motar da aka sayar a Amurka tana da irinta. Ya biya 'yan kuɗi kaɗan a intanet, rahoto ya fito. Kamfanin inshora ya yanke cewa motar ta tashi aiki a ƙarshen 2022, a jihar Fulorida, bayan guguwar Ian da ta afka wa jihar a watan Satumba na shekarar. An yi gwanjonta da shaidar cewa ruwa ya ci ta. Har hotunanta a filin gwanjo muka gani, da alli a jikin gilashi. Mitar da ta nuna mini 88,000, wadda dillali ya ce kilomita ce, ashe mil ce, kuma rahoton ya nuna ta wuce mil 170,000 tun kafin ruwan. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, sai ku yi lissafi. Ruwan teku kuwa gishiri ne, ba ya kashe mota rana ɗaya. Yana shiga wayoyi ya zauna, ya riƙa ci a hankali, yau gilashi, gobe giya, jibi kwamfutar inji.

Na koma wurin mutuminku da takardar a hannu. Ya karɓe ni da fara'a, har lemo ya sa aka kawo. Ya ce shi ma haka ya saya a Legas, bai sani ba. Ya ce mota na'ura ce, ko sabuwa tana lalacewa. Ya ce man Najeriya ne da titunanmu. Ya ce wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Daga ƙarshe ya ce in ɗauki ƙaddara. Na ce masa, Alhaji, na yarda da ƙaddara, amma ni ba rariya ka ce kana sayar mini ba, ƙwarya ka ce.

Ranku ya daɗe, yawancinku kun fi ni karatu, kuma da ku ake cika sahun gaba. Kun san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, aka kuma ce mai algus ba ya cikinmu. Da yaron nan ya ɗaga kafet, wannan hadisin ne ya faɗo mini. Ba a zargi mai abincin don ruwa ya taɓa kayansa ba. Ɓoyewar ce laifin. Malamanmu na fiƙihu kuma sun yi bayani cewa wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa, wanda kuwa aka nuna masa aibin ya gani ya yarda, ba shi da bakin magana. Hatimin da ke ƙasan rasit ba ya goge wannan.

To amma da labarina ne kaɗai, da ban dame ku ba. Watannin da na yi ina zaryar gareji sun haɗa ni da masu irin motata, muna zama a benci ɗaya ƙarƙashin dalbejiya muna jiran a kira mu. Akwai wani malamin makaranta daga Barnawa, akwai wata ma'aikaciyar jinya da take aiko direba amma wani lokaci ta zo da kanta, akwai wani ɗan kasuwa daga Tudun Wada. Motocinsu ba su sha ruwa ba, amma in ɗaya ya fara kuka sai sauran su ƙarasa masa. Inji yana shan baƙin mai, kafin lokacin juye ya yi an ƙara lita biyu, ba ɗigo a ƙasa, ba hayaƙin kirki a salansa. Fatar dashbod ta narke da zafin Maris da Afrilu, tana danƙo, tana ƙyalli a gilashi har ta hana ganin hanya da rana tsaka. Yadin rufin ciki ya saki yana shafar hula. Hannun ƙofa roba ne, ya karye a hannun yaro ɗan firamare. Robobin ƙofa sun saki, da hunturu ƙura tana shiga kamar ba a rufe ba. Ga wata ƙara a gaba, ƙwas-ƙwas, da an canza bushi an canza shokazoba ba ta tafi ba. In mota huɗu daga gidaje huɗu suka yi ciwo iri ɗaya a wuri ɗaya, ba direba ba ne, ba titi ba ne. Daga masana'anta aka zo da shi.

A can inda motocin suka fito, irin wannan kukan yana da inda ake kai shi. In masu mota suka yi yawa a kan matsala ɗaya, kamfani yakan tsawaita garanti, ko hukuma ta tilasta masa ya kira motocin a gyara kyauta. Jihohin Amurka ma suna da dokokin da ke sa a karɓi sabuwar motar da ta ƙi gyaruwa a mayar da kuɗi. Da motar ta hau jirgin ruwa, duk wannan ya yanke. Wasiƙar kira tana zuwa gidan mai ita na farko, ita kuwa tana nan tana jigilar yara zuwa Islamiyya a Unguwar Sarki.

Ga misali ɗaya da ya kamata ya hana ku barci. Jakunkunan iska na kamfanin Takata, waɗanda kamfanonin mota kusan 20 suka yi amfani da su, an kira kimanin miliyan 67 a Amurka kaɗai, kiran da ba a taɓa yin irinsa ba a tarihin mota, har kamfanin ya karye a 2017. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa in ya daɗe cikin zafi da laima, sai ranar da ta tashi buɗewa ta fashe da ƙarfi ta watsa wa direba gutsattsarin ƙarfe a fuska da wuya. Mutane fiye da 20 sun mutu ta haka a Amurka. Zafi da laima, ranku ya daɗe. Wato bazararmu da daminarmu. Yawancin motocin da abin ya shafa na shekarun 2000 ne zuwa tsakiyar shekarun 2010, daidai irin waɗanda suka cika filayenku. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka tana da shafi da za a sa lambar casis kyauta, a ga ko akwai kiran da ba a amsa ba. Minti biyu ne a waya. Mutum nawa a cikinku yake dubawa kafin ya liƙa farashi?

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a kamfanin Fijo na Kakuri ya yi aiki har ya yi ritaya. A 1975 aka fara haɗa motoci a wurin, kuma Faransa ta daina ƙera 504 a 1983 amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. Ba zan yi muku ƙaryar cewa 504 ba ta da aibi ba. Tana tsatsa, kafireto yana toshewa, ƙofa sai an maka ta da ƙarfi. Amma an yi ta da sanin inda za ta taka, tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta suna haƙuri da rami, kuma bakanike da sifana uku zai tashe ta a bakin hanyar Birnin Gwari. Abin da ya fi wannan, mai ita ya san ƙofar da zai buga. Wanda ya ɗaura notin yana nan a Kakuri ko Nasarawa, wataƙila masallacinku ɗaya. Baba yakan ce in ya ga 504 ta mutu a titi sai ya ji kunya kamar 'yarsa ce ta yi abin faɗa. Motar yau kwamfutoci ne a jere da wayoyi kamar jijiyoyi, an yi ta don titin wata ƙasa da man wata ƙasa, ta biyo hannu biyar kafin ta iso mu. A duk cikin hannayen nan, naku kaɗai muke iya gani. Shi ya sa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Kada ku ce na ɗora muku komai. Mu ma masu mota muna da namu, kuma zan faɗa. Murfin inji ya rubuta 5W-20, mu kuma mu zuba 20W-50 mai kauri don bakanike ya ce shi ya dace da zafinmu, ko mu sayi na gwangwanin da ba mu san inda aka ɗura shi ba. Mota tana zuwa a cire mata tamostat a haɗa fanka kai-tsaye, a zuba ruwan rijiya a lagireto. Giyar zamani da take da nata man na musamman, a ɗura mata duk jan man da aka samu. Fitilar inji ta kama, mu ce ai haka take. Man fetur ma ba kullum yake da gaskiya ba, kowa ya tuna Fabrairun 2022 da aka shigo da mai mai yawan sinadarin metanol, hukuma da kanta ta amsa, injuna suka lalace. Ramukan cikin unguwanni kuma ba sai an faɗa ba. Duk gaskiya ne. Sai dai wannan gaskiyar ce ta zama mafakarku. Ciwon mota iri uku ne: wanda ta taso da shi daga masana'anta, wanda ta samu a hannun masu ita na baya, da wanda muka ja mata. In an ɓoye tarihinta, ba mai iya rabe ɗaya daga ɗaya, sai a tattara duka a ɗora wa man Najeriya da ƙaddara. Ni da na san tawa ta sha ruwan gishiri, da ban canza famfon mai da fulogi da batir a banza ba ina neman ciwo inda ba ya nan.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Duk motar da aka ajiye a fili, a liƙa takarda a gilashinta da lambar casis a rubuce baro-baro, da rahoton tarihinta: ta yi haɗari ko ba ta yi ba, ruwa ya ci ta ko bai ci ba, nawa mitarta ta nuna ranar da aka yi gwanjonta, kuma mil ne ko kilomita. Kada wani ya ce bai san hanyar ba. Tun 2022 kwastan da lambar casis suke ƙiyasta kuɗin fito, kuma da yawanku da waya kuke zaɓar motocin nan a gwanjon kamfanin Copart na Amurka da makamantansa, kuna ganin hotunansu gaba a murƙushe kafin fanel bita ya taɓa su. Wanda kuma ya saro a Legas da gaske bai sani ba, to ya bincika kafin ya saya, shi ma kansa ya tsira. Kuɗin rahoton bai kai na wankin inji da man taya da ake yi wa kowace mota ba.

Sannan ku bar mai saye ya kai mota inda za a ɗaga ta a sa mata na'urar bincike, ko da zai ajiye kafin alƙalami, yaronku ya raka shi. Duk motar Amurka daga 1996 tana da soket a ƙarƙashin sitiyari da ake karanta lafiyarta, kuma na'urar tana nuna in an goge laifuffukan da safe don a rufe ido. A nan ne za a ga ko indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, yana nan ko an fafe shi an sayar, a ga ko jakar iska tana cikin sitiyari ko tsumma aka cusa. Sayen motar miliyoyi bayan zagayen minti goma da rediyo a kunne cinikin biri a sama ne, kuma kun fi kowa sani.

Hatimin nan kuma ku sa a daina buga shi. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ba su kai ingancin da ya kamata ba cikin wata 3, a gyara, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Mutanenmu ba su san da ita ba, waɗanda suka sani kuma suna jin nauyin kai ƙarar wanda suke gaisawa da shi a ɗaurin aure. Amma yaran da suke tasowa ba su da wannan nauyin, kuma waya tana hannunsu. Gara ku da kanku ku tsara garanti a rubuce, ko na wata ɗaya ne a kan inji da giya, ku kuma kafa 'yan dattawa uku ko huɗu a cikinku da wanda aka cuta zai kai wa kuka, masu ikon cewa ɗan ƙungiya ya karɓi motarsa. Kuna da haɗin kan da kuke zuwa wurin gwamnati da murya ɗaya in kwastan sun rufe filaye. Wannan haɗin kan zai iya wannan ma.

Na san amsar da za a ba ni, domin wani dillali abokin wana ya riga ya ba ni ita, kuma ban raina ta ba. Ya ce tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki naira, dala ta tashi daga ƙasa da 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin fito ya bi ta. Ya ce motar da ba ta taɓa haɗari ba, in aka kawo ta, ma'aikaci irina ko kallonta ba zai iya ba. Masu haɗarin da masu ruwan su ne suke sa talaka ya hau mota. Ya ce kuma mu masu saye munafukai ne, in aka faɗa mana gaskiya sai mu tsallaka fili na gaba inda za a yi mana ƙarya mai daɗi. Wannan ta ƙarshen ta soke ni, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ita ce dalilin da ya sa na rubuto wa shugabanni ban rubuta wa mutum ɗaya ba. Dillali ɗaya in ya faɗi gaskiya shi kaɗai, zai rasa ciniki. In doka ce ta ƙungiya a kan kowa, ba filin da za a tsallaka. Ni ban ce kada a kawo mai haɗari ba. Motar da aka buge ta baya aka gyara da kyau tana iya shekara goma lafiya, kuma akwai mai sonta in an rage masa kuɗi. A kira ta da sunanta, a sa mata farashinta. Mai ruwan gishiri kuwa, a ganina, kayan gyara ce, a yanka ta a sayar da ƙofofi da gilasai, kada a ɗora wa iyalin wani a hanyar Zariya.

Yanzu motar tana ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, na koma hawan Keke zuwa ofis, maƙwabta suna tambaya ko lafiya. Makon jiya wani ɗan kayi-nayi ya zo har gida. Ya zagaya ta, ya ce in ba shi ita, zai sa a wanke kafet, a goge fitilu, a fesa turare, cikin sati biyu zai samo mini wanda zai biya kusan abin da na kashe, la'adarsa kawai zan ba shi. Ya ce, "Kai dai kada ka zo wurin cinikin." Ba zan ɓoye muku ba, na kwana biyu ina juya maganar, domin kuɗin makarantar yara yana tafe kuma filina ya riga ya tafi. A rana ta uku na je shagon buga takardu a Kawo, na sa aka buga rahoton nan shafi huɗu, da hoton gwanjon, na liƙa shi a gilashin gaba da salatif. Mutum shida sun zo sun karanta sun tafi. Na bakwai wani mai sayar da kayan gyara ne daga Panteka, ya taya naira miliyan 2 da dubu 300, ya ce inji da ƙofofi yake so. Ban sallama ba tukuna, na ce ya dawo ranar Asabar.

Kwafin wannan wasiƙa da na rahoton zan kawo ofishinku da hannuna ranar Litinin bayan azahar, in Allah ya kai mu. Soket ɗin nan mai koren haƙora ma yana aljihuna, zan zo da shi ku gani.

Wassalam.

Naku,
Wani mai mota a Hayin Banki, Kaduna